Majami'ar Worms: ginin 1175 ne ko na 1961?

Sadiq_Kofar_Mata
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana gini da masana tarihi ce. A birnin Worms da ke bakin kogin Rhine a Jamus akwai wurin ibadar Yahudawa da ake cewa asalinsa tun 1034 ne, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. To amma 'yan Nazi sun banka masa wuta a 1938, aka ture abin da ya rage a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1961 aka sake buɗe shi. Da wace hujja za a kira ginin 1961 tsohon gini? A ganina sabon gini ne aka laƙaba wa tsohon suna. Wanda ya san yadda aka yi aikin ya warware mana.

MalamNaTaska
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. A fara daidaita shekarun tukuna, don 1034 ɗin ma ba ita ce shekarar ginin da ake gani ba. Na 1034 wani mutum ne, Yakubu ɗan Dawuda, da matarsa Rahila suka gina da dukiyarsu. Abin da ya rage daga gare shi dutse ne guda mai rubutun Ibraniyanci da ke ɗauke da sunayensu, yana manne a bango kusa da ƙofar shiga. Wancan ginin ya sha wuya a 1096 lokacin da mayaƙan Salibiyya suka afka wa Yahudawan garin.

Zauren maza da ake takaddama a kai an gina shi a 1174 zuwa 1175, daidai lokacin da ake aikin babbar cocin Worms, kuma sassaƙar ƙofarsa da kawunan ginshiƙansa ta nuna hannun magina na wannan aikin. A 1185 zuwa 1186 aka haƙa wurin wankan tsarki a ƙarƙashin ƙasa. A 1212 zuwa 1213 aka ƙara zauren mata a gefen arewa. A 1349, shekarar annoba, aka kashe Yahudawan garin aka ƙone wurin, aka gyara shi wajen 1355 da tagogi masu tsini. A 1615 aka sake lalata shi, aka gyara. A 1689 sojojin Faransa suka ƙone birnin baki ɗaya, majami'ar ta tafi tare da shi, aka sake tayar da ita zuwa wajen 1700. Ka ga ke nan ko ginin da ya tsaya ranar 9 ga Nuwamba 1938 ba na 1175 ba ne zalla. Gini ne mai faci a kan faci.

Yakubu_Jos
Ƙaramin gyara kan suna, don kada wani ya rikice. A Littafi Mai Tsarki na Hausa "majami'a" ita ce kalmar da aka yi wa wurin taron Yahudawa, sai daga baya mutane suka riƙa kiran coci da ita. Saboda haka taken da Malam Sadiq ya sa daidai ne. Ba haikali ba ne, haikali na Kudus ne.

Sadiq_Kofar_Mata
Na gode Malam Yakubu. MalamNaTaska, na karɓi gyaran shekaru, amma tambayata tana nan. Faci daban, rushewa har ƙasa daban.

Gwanin_Dutse
Malam Sadiq, "har ƙasa" ɗin nan ce ya kamata a duba. An cinna wutar ne da safiyar 10 ga Nuwamba 1938. Wuta tana cin rufin katako da kujeru da ƙofofi, amma ba ta kayar da bangon dutse mai kauri. Shi ya sa sai tsakanin 1939 da 1942 aka bi aka ture bangon da gangan. To idan ka ture bango mai tsayi, baraguzansa a gindinsa suke zuba, su binne layukan dutse na ƙasa. Abin da ya faru ke nan. Tarin baraguzan ya zama bargo ga harsashin da ƙasan bangon, har ya kare su daga ruwan bama-baman 1945. Da aka zo kwashewa bayan yaƙi sai aka tarar da harsashi da gindin bango a inda magina na farko suka aza su.

Ga magini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Harsashi shi ke ba ka faɗin zaure, kaurin bango, gurbin ƙofa, da wurin da kowane ginshiƙi ya tsaya. Ba sai ka yi ƙiyasi ba. Sama da wannan layin kuma aka yi amfani da duwatsun da aka tsamo daga baraguzai, inda suka gaza aka cike da sabon jan dutse irin na yankin.

Injiniya_Rabi
Ina goyon bayan Gwani, da ƙari ɗaya. Ba kowane dutse da aka tsamo daga gobara ake mayarwa bango ba. Dutsen Worms jan dutse ne na yashi, ƙwayoyinsa galibi ƙanƙarar dutse ce da ake kira kwats. Idan zafi ya kai digiri 573 wannan ƙwayar tana kumbura farat ɗaya, idan ta huce ta koma, sai ta bar tsaga ƙanana da ido ba ya gani. In kuma aka watsa ruwa a kan dutse mai zafi, fuskarsa ɓarewa take yi kamar ɓawon albasa.

Yadda ake tantancewa: a wanke dutsen, a bar shi ya bushe, a ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya tsage a ciki kuwa ƙararsa a dushe take. A yau ana ƙarawa da na'urar da ke aika sauti ta cikin dutse a auna saurin wucewarsa. Wanda ya faɗi jarrabawa ba a aza masa nauyi. Ko dai a sa shi inda ba ya ɗaukar komai, ko a kai shi gidan tarihi a sassaƙa madadinsa. Ginshiƙi da kansa nan ne aka fi tsananta bincike, don rufin gaba ɗaya a kansu yake.

Baba_Magini
'Yata Injiniya ta faɗi gaskiya. Ku kuma lura da rufin, nan gwanintar take. Zauren maza ginshiƙi biyu ne a tsakiya, a jere, sun raba rufin gida shida. Kowane gida bakan gizo biyu ne suka gitta juna, mai kama da abin da muke kira ɗaurin guga, sai dai nasu na dutse ne ba azara da laka ba. Irin wannan rufi ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango waje. A ginshiƙi turawar gida huɗu ce ke haɗuwa ta kashe juna. A bango kuwa babu mai tare ta sai kaurin bangon.

Don haka wajen sake ginawa akwai tsari. Kafinta ya kafa makarin katako mai siffar bakan, a jera duwatsu daga gefe biyu lokaci ɗaya har a haɗu a tsakiya, a sa dutsen kulli. Ba a gama gida ɗaya a cire makarinsa alhali maƙwabcinsa babu komai, ginshiƙin zai karkata. Kuma ba a fizge makari, sassauta shi ake yi da ƙyar da ƙyar ta hanyar zare 'yan katakan da aka cusa a ƙarƙashinsa, rufin ya zauna a hankali. Zauren mata ma haka, sai dai shi ginshiƙi ɗaya ne tak a tsakiya.

Aliyu_Tudun_Wada
Baba, me ya sa ginshiƙi biyu a tsakiya? Ai suna tare wa mutane gani.

MalamNaTaska
Malam Aliyu, tsarin ibadar ne ya kawo haka. A zauren akwai wuri biyu masu muhimmanci. Na farko ma'ajiyar naɗaɗɗun littattafan Attaura, tana bangon gabas, wajen Kudus. Na biyu dandamalin da ake hawa a karanta Attaura, wanda suke kira bima, shi kuma a tsakiyar jama'a yake. Tsakanin ginshiƙan nan biyu aka aza shi, mutane suna kewaye da shi. Ba sahu ake yi a fuskanci gaba kaɗai ba, don haka ginshiƙi ba ya hana komai. Wannan tsari na Worms ya bazu: tsohuwar majami'ar birnin Prag da aka gina wajen 1270 haka take, ginshiƙi biyu da bima a tsakani, kuma ita ba a taɓa rushe ta ba. Wanda ke son ya gwada ko masu aikin 1961 sun fahimci tsarin, ga abin gwadawa nan.

Ummu_Haidar
Ni dai ina tare da Malam Sadiq, amma ba don dutse ba. Duk gyaran da MalamNaTaska ya lissafa, na 1355 da na bayan 1615 da na 1700, jama'ar wurin ne suka dawo suka gyara abinsu don su yi ibada. Na 1961 fa? A 1933 Yahudawan Worms sun haura 1,000. Wasu suka tsere, sama da 400 aka kashe, na ƙarshensu a 1942 aka kwashe su. Ranar 3 ga Disamba 1961 da aka buɗe ginin babu al'ummar Yahudawa a garin, alhali ibadar jam'i a wurinsu sai da maza goma. Hukuma ce ta gina, kuɗin gwamnatin tarayya da na jiha da na birni. Ginin ma a hannun al'ummar Yahudawan birnin Mainz aka damƙa shi, don babu wanda za a ba a Worms. Wannan shi ne bambancin da ke damuna. Bango ya dawo, masu shi ba su dawo ba.

Yakubu_Jos
Malama Ummu Haidar, maganarki tana da nauyi, kuma su kansu Yahudawan da suka tsira sun rabu a kai. Akwai waɗanda suka ce a bar kango ya zama shaida, kada birni ya wanke hannunsa da sabon gini. Akwai kuma irin su Isidor Kiefer, ɗaya daga shugabannin al'ummar kafin 1933, wanda ya yi hijira zuwa New York, shi kuwa ya dage sai an gina, ya bi ya tattara sa hannun 'yan Worms da suka warwatsu a duniya. Saboda haka ba za a ce babu hannun masu shi sam ba. Sannan bayan 1990 Yahudawa daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun zo Jamus da yawa, wasu suka zauna a Worms, ana kuma ibada a wurin yanzu. Zauren mata an mai da shi wurin tunawa da waɗanda aka kashe.

Ummu_Haidar
Na ji, Malam Yakubu. Amma shekara 30 ke nan tsakani. Abin da aka gina a 1961 an gina shi ba tare da sanin za su zo ba.

MalamNaTaska
Tunda an zo nan, sai an ambaci Friedrich Illert, shugaban ma'ajiyar tarihi da gidan tarihi na birnin. Shi ne ya tsamo sassaƙaƙƙun duwatsu da rubuce-rubuce daga kangon, ya karɓo takardun al'ummar da aka ƙwace, ya ɓoye su a hasumiyar babbar coci tare da kundin addu'o'in idi na 1272 da ake kira Mahzor na Worms. A cikin wannan kundi ne ake samun jimla mafi tsufa mai kwanan wata a harshen Yiddish, yaren Yahudawan Turai mai tushe daga Jamusanci. Ba don abin da ya ajiye ba da aikin 1961 ya zama zane daga ka.

Amma kada a mai da shi waliyyi. Ma'aikacin birni ne da ya riƙe muƙaminsa duk zamanin Nazi, kuma masana tarihi suna gardama kan niyyarsa, ko tausayin mutanen ne ko kishin sunan garinsa. Abin da ke nuna haka: bayan yaƙi ya ƙi sakin takardun, yana cewa kayan Worms ne. Sai da aka kai ga kotu da sasantawa, a 1957 aka kai kundin da takardun Kudus. Yanzu ginin yana Jamus, littafin da aka riƙa karantawa a cikinsa shekaru ɗaruruwa yana ɗakin karatu na ƙasa a Isra'ila.

Dan_Agadas
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Wannan gardamar ta tsohon dutse da sabon dutse gardamar masu ginin dutse ce. Hasumiyar masallacin Agadas an fara ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma har yau ana sabunta yaɓenta, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan masu yaɓe. Babu wanda ke cewa ba ita ba ce, UNESCO ma ta sa tsohon garin a jerinta a 2013. Hubbaren Tumbuktu da aka rushe a 2012 magina na garin ne suka sake tayar da su zuwa 2015, da irin kayan da kakanninsu suka yi aiki da shi. A ginin ƙasa abin da ake gada shi ne wuri da siffa da hannun magini.

Injiniya_Rabi
Dan Agadas, misalinka ya yi, amma yana goyon bayan Ummu Haidar fiye da yadda kake zato. A Agadas da Tumbuktu sana'ar ba ta yanke ba, masu ibadar ma ba su yanke ba. A Worms duka biyun sun yanke.

Ga abin da ƙa'ida ta ce. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan gyaran tsoffin gine-gine, wadda ta zo shekara 3 bayan an gama Worms, ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambanta shi. Ga kango kuwa abin da ta yarda da shi kawai shi ne mayar da ɓangarorin da suka warwatse gurbinsu. Takardar Nara ta 1994 ita ce ta faɗaɗa zancen, ta ce ingancin wuri ba a kayan gini kaɗai yake ba, har da siffa da amfani da al'ada da muhalli, kuma kowace al'umma da ma'auninta. Ƙa'idar UNESCO ta yanzu tana karɓar sake gini a yanayi na musamman kawai, bisa cikakkun bayanai, ba ƙiyasi ba. Tsohon birnin Warsaw ya shiga jerin a 1980, gadar Mostar a 2005, dukkansu sake ginawa aka yi bayan yaƙi.

Sadiq_Kofar_Mata
To Injiniya, Worms ta cika sharaɗin "cikakkun bayanai"?

Injiniya_Rabi
Fiye da yawancin wurare. Ginin sananne ne tun ƙarni na 19, an auna shi, an zana shi, an ɗauki hotunansa ciki da waje kafin 1938. Ga harsashi a wurinsa, ga duwatsun ƙofa. Kuma a lokacin aikin an yi tono da bincike, Otto Böcher ya rubuta cikakken nazari kan ginin. Inda matsala take shi ne zaɓi. Gini mai shekara 760 da faci iri-iri, wane zamani za ka mayar? A da bango ne tsakanin zauren maza da na mata, da 'yan tagogi don mata su ji karatu. A ƙarni na 19 aka fasa shi aka yi manyan baka biyu. Masu aikin 1961 sun bar shi a buɗe. Wannan hukunci ne da mutane suka yanke, ba dutse ne ya faɗa musu ba.

Aliyu_Tudun_Wada
Na ga ana kiran wurin da sunan Rashi. Shi ya gina?

MalamNaTaska
A'a. Rashi babban mai sharhin Attaura da Talmud, wato kundin fiƙihun Yahudawa, ne, an haife shi a Troyes ta Faransa a 1040, ya rasu a can a 1105. Ya yi karatu a Worms wajen 1060, wato ginin 1034 ya sani. Zauren 1175 bayan rasuwarsa da shekara 70 aka yi shi. Ɗan ɗakin karatun da ke manne a yamma, wanda ake kira da sunansa, a 1623 zuwa 1624 aka gina shi. Girmamawa ce kawai.

Abu_Yasir_Kd
Ku yi ta zancen Jamus, amma ba ku taɓo ta Kudus ba. Majami'ar Hurva da ke tsohon birni an gama ta a 1864, sojojin Jodan suka rushe ta a yaƙin 1948, a 1977 aka tayar da baka guda don tunawa, sannan aka sake gina ta duka aka buɗe a Maris 2010, Falasɗinawa suka yi zanga-zanga. A can sake gini magana ce ta wa ke da iko da ƙasa. Kada a nuna kamar aikin magina ne kawai.

Mai_Kula_Da_Zaure
Malam Abu Yasir, shekarun da ka kawo daidai ne, kuma gaskiya ne sake gini ba ya rabuwa da siyasa, abin da Ummu Haidar ta nuna ke nan game da Jamus ma. Amma zancen Kudus zai cinye wannan zaren. A buɗe masa nasa. A nan mu tsaya kan Worms da abin da ya yi kama da ita ta fuskar aiki.

Gwanin_Dutse
In ana neman wanda ya yi kama da ita ta fuskar aiki, masallacin Ferhadija ne a Banja Luka ta Bosniya. An gina shi a 1579, aka tarwatsa shi da nakiya ranar 7 ga Mayu 1993, aka kwashe duwatsun aka zubar a juji da cikin ruwa don kada a sake ganinsu. Daga baya aka bi aka tono su, aka tantance, aka buɗe masallacin ranar 7 ga Mayu 2016. Niyyar masu rushewa ɗaya ce da ta 1938, a shafe alamar cewa mutanen sun taɓa zama a wurin. Duk wanda ya ce Ferhadija ta yau ita ce Ferhadija, da wuya ya hana Worms.

Ga yadda ake mayar da dutse gurbinsa. Kafin a ɗaga shi daga baraguzai a rubuta inda aka same shi, don inda ya faɗi yana nuna daga wane bango ya fito. A sa masa lamba a gefen da zai shige cikin bango. A auna fuskokinsa shida. A duba sawun kurfi, ramin maɗauri, da ragowar tsohon kwaɓi, su ke nuna maƙwabcinsa. Sai a shimfiɗa su a ƙasa a jera ba kwaɓi, musamman duwatsun baka da na ƙofa, a gwada da tsohon hoto. A cocin Frauenkirche ta Dresden haka aka yi, aka mayar da tsoffin duwatsu kimanin 3,800, kuma da yake sun yi baƙi sababbin suna fari, daga nesa kana ganin wanne ne wanne.

Baba_Magini
Gwani ya manta abu guda da ke kashe aikin sababbin hannu. Dutsen yashi yana da shimfiɗa, kamar shafukan littafi. Yadda ya kwanta a mahaƙa haka za ka kwantar da shi a bango. In ka tsayar da shi shimfiɗar tana kallon waje, ruwa ya shiga, sanyi ya daskarar da shi, sai ya riƙa zubar da fuska shafi bayan shafi. A Jamus da ake ƙanƙara duk shekara wannan kuskuren ba ya ɓuya.

Injiniya_Rabi
Sai kuma kwaɓi, wanda shi ne ciwon yawancin gyare-gyaren da aka yi a Turai tsakanin 1950 da 1970, lokacin da aka ɗauki siminti maganin komai. Magina na 1175 farar ƙasa suka yi aiki da ita: a ƙona dutsenta a zafin da ya kai digiri 900, a jiƙa, a bar ta ta kwana, a haɗa kashi 1 da yashi kashi 3 ko kusa da haka. Tana bushewa a hankali, tana shan iska, ba a aiki da ita in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Amfaninta shi ne ta fi dutsen laushi. Danshi ta cikinta yake fita, in bango ya motsa ita ke tsagewa, a ƙwaƙule a sake cikawa.

Siminti ya fi dutsen yashi tauri kuma ba ya barin ruwa ya wuce. Sai danshin ya bi ta cikin dutsen, ya bar gishiri a ƙarƙashin fuskarsa, gishirin ya kumbura ya ci gefen dutsen. Bayan shekaru sai ka ga layin siminti ya fito zaƙo-zaƙo dutsen ya lotsa. Haka maɗaurin ƙarfe: na da ana zuba masa narkakkiyar darma ta rufe shi. In aka sa shi tsirara ya yi tsatsa, tsatsar ta ninka girmansa ta fasa dutsen daga ciki. Yau ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa.

Hajiya_Binta_Mrd
Ni abin da ban gane ba shi ne wurin wankan. Shi ma sake gina shi aka yi?

MalamNaTaska
Hajiya, shi ne ma ɓangaren da ya fi kowanne zama na asali, don yana ƙarƙashin ƙasa, wuta ba ta kai gare shi ba. Suna kiransa mikwe. Sharaɗinsa ruwan ya zama wanda ya taru da kansa, na ƙasa ko na sama, ba wanda aka ɗebo da guga ba, kuma ya kai mudu 40 na awonsu, wato lita ɗaruruwa, yadda mutum zai nutse gaba ɗaya. Don haka sai a haƙa rami kamar rijiya har a cim ma ruwa, a gina matakala tana sauka tana lanƙwasa, da ɗan ɗakin tuɓe kaya a tsakiya. Na Worms an kwaikwayi na birnin Speyer ne, wanda aka yi wajen 1120, mai zurfin kusan mita 10.

Injiniya_Rabi
Kuma kasancewarsa na asali shi ya sa ya fi wahalar kulawa. Bango ne da ƙasa ke turawa daga baya, ƙafarsa cikin ruwan da ke hawa da sauka tare da kogin Rhine, samansa kuma iska na busarwa. Inda jiƙa da bushewa ke haɗuwa nan gishiri ke taruwa. Ba za ka shafe shi da abin hana ruwa ba, don ruwan shi ne dalilin ginin. Shi ya sa aka rufe shi shekaru ana aikin ƙarfafa shi.

Sadiq_Kofar_Mata
To na sassauto, amma ba duka ba. Harsashi da gindin bango da ƙofa da wurin wanka, na yarda tsofaffi ne. Rufi da saman bango na 1961 ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce ita ce majami'a mafi tsufa da ke tsaye a Jamus.

MalamNaTaska
Nan kam ba ka yi kuskure ba. In tsayuwa har rufi ake nufi, ta Erfurt ce, wadda sassanta mafi tsufa suka kai ƙarshen ƙarni na 11. Abin da ya cece ta kuwa shi ne an ƙwace ta bayan kisan Yahudawan garin a 1349, aka mai da ita rumbun ajiya, daga baya gidan abinci da zauren rawa, gine-gine suka rufe ta har aka manta ko mece ce, 'yan Nazi ba su kula ta ba. Ta shiga jerin UNESCO a 2023. Amma shekara sama da 600 ba a yi ibada a cikinta ba, yau ma gidan tarihi ce. Ita kuwa Worms ba ita kaɗai aka sa a jerin 2021 ba, an haɗa ta ne da harabar majami'ar Speyer da maƙabartar Yahudawan Mainz da maƙabartar Worms ɗin kanta, inda akwai duwatsun kabari kusan 2,500, mafi tsufa na 1058 zuwa 1059.

Ummu_Haidar
To ga shi nan. Erfurt tana da bango ba ta da ibada, Worms an yi ibada a cikinta har 1938 amma rufinta sabo ne. Ni har yanzu tambayata ga Injiniya ce: mai ziyara da ya shiga zauren yau, zai iya gane inda tsohon bango ya ƙare sabo ya fara, ko sai an gaya masa?

Gwanin_Dutse
Malama, kafin Injiniya ta zo. A ciki da wuya, don yaɓe ya rufe. A waje ake dubawa, kuma daga ƙasa ake farawa. Tsohon dutse gefensa ya dakushe, fuskarsa da sawun kurfin hannu wanda bai daidaita ba, wani wurin da tabon wuta. Sabo kuwa kusurwarsa tana da kaifi, layin kwaɓinsa ya miƙe. A tsaya a ƙofar arewa lokacin da haske ke zuwa a karkace, a bi duwatsun bakan ƙofar ɗaya bayan ɗaya.